Darasi: Ɗalibar Laburare da Uwar Ɗakinta ta Ilimi

 

Ya ke 'yar uwa, darasinmu na wannan fitowa ya shafi wani fanni ne da iyaye da yawa ke yi wa kallon hadarin kaji, wato karatun laburare. Sau da yawa yarinya daga Kafur ko Malumfashi ko Funtuwa za ta nemi aikin likita ko lauya, sai jami'a ta ba ta fannin laburare, nan take sai ki ga jikin kowa a gida ya yi sanyi. Wasu ma har cewa suke yi, "To ita shi ke nan, sai gadin littattafai da kakkaɓe ƙura?" Da wannan sanyin jikin take shiga karatun, ta yi shekara huɗu, ta fito da takarda a hannu, amma ba ta san aikin ba, kuma babu wani babba a fannin da ya san ta. Abin da wannan darasi ke son ya tabbatar miki shi ne, wannan sana'a daga hannu ake karɓar ta. Ɗalibar da ta samu babba ta riƙe hannunta, ita ce ke zama ma'aikaciya. Ke kuma uwa, ko yaya, ko uwar miji, kina da rawar da za ki taka wajen samar mata wannan hannun.

Mene ne laburare na musamman?

Laburare iri-iri ne. Akwai na jama'a wanda kowa ke shiga, akwai na makaranta, akwai na jami'a kamar Laburaren Kashim Ibrahim da ke Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. Sannan akwai wanda ake kira na musamman, wato wanda aka kafa domin fanni guda da ma'aikatan wuri guda: na asibiti, na kotu, na majalisa, na banki, na gidan rediyo, na cibiyar binciken noma, ko na adana tsofaffin rubuce-rubuce.

Misali mafi kusa da mu shi ne na Samaru. Duk wadda ta taɓa bin hanyar Funtuwa zuwa Zariya ta wuce ta gaban Cibiyar Binciken Aikin Gona, wadda aka fi sani da IAR. Tun 1922 aka fara aikin binciken noma a wurin, a 1962 kuma ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Irin masarar da ake kira SAMMAZ, da audugar SAMCOT, da dawar SAMSORG, da waken SAMPEA, da gyaɗar SAMNUT, waɗanda mazajenmu ke shukawa, duk daga can suka fito. Babu irin da ake fitarwa sai an yi shekaru ana gwaji, kuma kowane gwaji da rahotonsa a rubuce. Laburaren cibiyar shi ne rumbun da ake tara irin waɗannan rahotanni. A Kaduna kuma akwai Gidan Arewa, wanda Farfesa Abdullahi Smith ya kafa a 1970 a tsohon gidan Sardauna, inda ake adana takardun tarihi da rubuce-rubucen Larabci da na ajami. A Sakkwato akwai Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu, mai irin wannan aiki.

A irin waɗannan wurare ma'aikaciya ba ta zama tana jiran a zo aron littafi. Mai bincike ne zai shigo da matsala, ita kuma ta nemo masa amsa, a kan lokaci, daga inda ya kamata.

Asalin abin a wurinmu

Kada ki ɗauka cewa wannan aiki baƙo ne a Musulunci, ko kuma na maza ne kawai. Bayan yaƙin Yamama, inda mahaddata da yawa suka yi shahada, Sayyidina Abubakar (RA) ya sa Zaidu ɗan Sabit ya tattara Alƙur'ani a takardu. Takardun sun zauna a wurin Abubakar, sannan a wurin Umar, bayan rasuwar Umar kuma suka koma hannun 'yarsa, Uwar Muminai Hafsa (RA). Da Sayyidina Usman ya tashi yin mus'hafi guda wanda za a aika garuruwa, wurinta ya aika aka aro, aka kwafa, aka mayar mata. Kin ga ke nan ajiya mafi daraja a tarihin wannan al'umma, mace aka damƙa wa.

To, wa ya koya wa Hafsa rubutu? Malaman hadisi sun ruwaito cewa wata sahabiya ce, Shifa'u 'yar Abdullahi, wadda ta iya rubutu tun zamanin da masu iya shi 'yan kaɗan ne a Makka. Haka nan Amratu 'yar Abdurrahman ta tashi a hannun Nana A'isha (RA), ta kwashi ilimi a gabanta, har manyan malamai irin su Zuhuri suka riƙa ɗaukar hadisi a wurinta.

A ƙasarmu ma haka abin yake. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru. Takan zaɓi dattijuwa mai hankali ta naɗa ta jaji, ta ba ta malafa da jan rawani, ta karantar da ita, ita kuma jajin ta koma ƙauye ta karantar da na bayanta. Rubuce-rubucen Nana sun tsira ne saboda zuriyarta sun yi ta miƙa wa juna amanarsu har zuwa kan Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997. A wurinsa wata baturiya mai suna Jean Boyd ta yi shekaru tana nazarinsu bisa jagorancinsa, har ta fitar da littafin tarihin Nana a 1989. Duk inda kika duba a wannan silsila, babba ne ya zaunar da ƙarami a gabansa. Mu Hausawa muna da sunan wannan dangantaka a tsakanin mata: uwar ɗaki da 'yar ɗakinta.

Abin da aji ba ya koyarwa

Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe sashen koyar da aikin laburare a 1968. Yau ana koyar da shi a Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ta Katsina da sauransu. A aji ana koya wa ɗaliba yadda ake rarraba littattafai bisa fanni, da yadda ake rubuta bayanin kowane littafi, da aiki da kwamfuta. Wannan tushe ne, ba a raina shi. Amma kamar yadda yarinya ba ta iya tuƙa tuwo da jin bayani kawai sai ta tsaya kusa da murhu, akwai abubuwa biyar da sai a gefen ƙwararriya ake samun su.

Na farko, iya tambayar mai tambaya. A ce malamin gona ya zo ya ce yana son bayani a kan tsutsa. Sabuwar ma'aikaciya za ta kwaso masa littattafan ƙwari guda goma. Tsohuwar hannu kuwa za ta zaunar da shi ta tambaye shi: a wace shuka? A ganye take ci ko a cikin kara? Da damina ko da rani? Domin tsutsar masarar nan da aka fara gani a Nijeriya a 2016 daban take da tsutsar tumatir da manoma ke kira sharon, wadda ta yi mummunar ɓarna a Kano da Kaduna da Katsina a wannan shekarar, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. In aka ba shi amsar da ba tasa ba, kuɗin magani ya tafi, amfanin gona ya tafi, kuma ke kin san gidan da rumbu ya yi ƙasa, mace ce ke fara ji a jikinta.

Na biyu, sanin takardun da ba a sayarwa a kasuwa. A 1975 an fara Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Funtuwa da tallafin Bankin Duniya, wanda ya haɗa har da ƙasar Malumfashi. A cikin shekarun 1970 ɗin kuma, likitocin Jami'ar Ahmadu Bello da na makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Libaful a Ingila sun yi dogon bincike a yankin Malumfashi kan tsargiya da zazzaɓin cizon sauro da saran maciji. Ire-iren waɗannan ayyuka sukan bar rahotanni da taswirori da alƙaluma, wasu an buga su a mujallun masana, wasu kuwa kwafi kaɗan aka yi da tafireta. Wadda ta yi shekara talatin a laburare ta san kantar da suke, ta san wanda ya ɓace, ta san inda za a samu madadinsa. Wannan sani yawanci a kanta yake, ba a rubuce ba.

Na uku, tsarin kowane fanni. Laburaren kotu da yawa suna jera littattafansu da tsarin Moys, wanda aka wallafa a 1968 domin littattafan shari'a. Na asibiti suna da nasu tsarin. Haka kuma akwai taskokin mujallu na intanet da aka buɗe wa ƙasashe masu tasowa, kamar Hinari na fannin lafiya wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara a 2002, da AGORA na fannin noma wanda Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara a 2003. Ɗaliba na iya jin sunansu a aji har ta rubuta a jarrabawa, amma sai ta zauna kusa da mai aiki da su kullum za ta iya zaƙulo abin da ake nema cikin minti goma.

Na huɗu, tantance gaskiya. Yau kowa da waya a hannu, saƙonnin magunguna da na fatawa suna yawo a WhatsApp babu mai su. Hatta manhajojin nan masu amsa tambaya da suka yaɗu daga 2022, wani lokaci sukan ƙirƙiro sunan littafin da babu shi. Ma'aikaciyar kirki tana yin abin da malaman hadisi suka saba yi: wa ya faɗa, daga ina ya samo, yaushe aka rubuta, kuma wa ya tabbatar?

Na biyar, amana. Mai aiki a laburaren asibiti ko kotu tana ganin abin da bai kamata ya fita waje ba. Mai aiki da tsofaffin rubuce-rubuce tana riƙe da takardar da in ta yage babu wata. Yadda ake wanke hannu kafin a taɓa ta, da yadda ake juya shafi, da yadda ake kame baki, duk da ido ake ɗaukar su.

Ƙofar da ake shiga

Akwai ƙofa a buɗe, sai dai 'ya'yanmu da yawa suna wuce ta. A 1973 Asusun Horar da Ma'aikata, wato ITF, ya ƙirƙiro shirin SIWES, inda ɗalibi ke barin aji ya je wurin aiki na gaske ya koyi aiki, yawanci wata shida ga ɗaliban jami'a. Abin takaici, wasu iyayen da kansu ke nema wa yarinya wurin da za a sa mata hannu a littafin halarta kawai, ita kuma tana gida tana kallo. Ana ganin an yi mata gata, alhali kuwa an cuce ta. Wata shidan nan ne lokacin da za ta samu uwar ɗaki. Bayan shi akwai lokacin rubuta kundin kammala karatu, da shekarar bautar ƙasa, da tarukan Ƙungiyar Ma'aikatan Laburare ta Nijeriya wadda aka kafa a 1962. Sannan in ta gama, akwai hukumar yi wa ma'aikatan laburare rajista, wadda dokar 1995 ta kafa. Babba a fannin ne zai nuna mata yadda ake bin waɗannan matakai ɗaya bayan ɗaya.

Kuma abin na bukatar hanzari, domin yawanci ma'aikacin gwamnati yana ajiye aiki in ya cika shekara 35 yana aiki ko shekara 60 da haihuwa. Ranar da tsohuwar ma'aikaciya ta miƙa makulli ba tare da ta horar da kowa ba, littattafan suna nan a kanta, amma mai sanin hanyarsu ta tafi.

Ladubban ɗaliba

Ki zaunar da 'yarki ku karanta ƙissar Annabi Musa (AS) da Halliru a cikin Suratul Kahfi, daga aya ta 60 zuwa ta 82, tare da tafsirinta. Annabi ne guda, amma ya yi tafiya mai wahala domin neman ilimin da ba shi da shi, ya nemi izinin bi cikin ladabi, aka kuma gindaya masa sharaɗin haƙuri. Daga nan malamai suka ciro ladubba da yawa. Ga waɗanda suka dace da 'yarki:

1. Ta gyara niyya. Ta nufi amfanar da mutane da neman halal, kada burinta ya tsaya ga takardar shaida.
2. Ita za ta nema. Ta je da ƙafarta ta gaida babbar, ta faɗi sunanta da makarantarta da abin da take son koya. Zuwa da kai ya fi saƙo.
3. Ta kiyaye lokaci. In an ce ƙarfe takwas, kada ta zo tara da uzurin biki.
4. Kada ta raina ƙaramin aiki. Jera littattafai a kanta shi ne hanyar sanin abin da ke cikin ɗakin.
5. Ta riƙe ɗan littafi tana rubuta duk tambayar da aka kawo da yadda aka warware ta. Bayan wata shida wannan littafin zai fi mata wasu darussan aji amfani.
6. Ta yi tambaya, domin matambayi ba ya ɓata, amma ta duba lokacin da ya dace.
7. Ta karɓi gyara ba tare da kumbura baki ba.
8. In ta gama kada ta yanke zumunci. Gaisuwar salla da ta juma'a ba ta cin kuɗi, kuma ranar da gurbin aiki ya fito, wadda ake tunawa da ita ake kira.

Haƙƙin da ke kan babba

Ke kuma 'yar uwa da Allah Ya ba ki ƙwarewa, ko a laburare kike, ko asibiti, ko makaranta, ki sani Manzon Allah (SAW) ya yi gargaɗi mai tsanani ga wanda aka tambaye shi ilimi ya ɓoye, kuma ya lissafa ilimi mai amfani cikin abubuwan da ladansu ba ya yankewa bayan mutuwa. Kada tsoron cewa yarinya za ta ƙwace miki kujera ya hana ki koya mata. Arziƙi na Allah ne. Ki ba ta aiki na gaske, ki duba abin da ta yi, ki gyara mata a keɓe, ki yaba mata a gaban mutane. Kada ki mayar da ita 'yar aiken kasuwa ko mai rainon 'ya'yanki. Ki gabatar da ita ga abokan aikinki. Kuma ki yarda cewa ita ma tana da abin da za ta koya miki, musamman a harkar waya da kwamfuta.

Iyakokin shari'a

Wannan ɓangare kada a yi wasa da shi. Dangantakar babba da ƙarami tana da haɗari in babu tsoron Allah, domin ɗaya na da iko, ɗaya na da bukata. Abin da ya fi shi ne a nema wa yarinya mace 'yar uwarta. In fannin babu mace sai namiji, to koyarwa ta kasance a wurin aiki, a lokacin aiki, ƙofa a buɗe, inda mutane ke shige da fice. Babu keɓewa, babu hirar waya da dare, babu haɗuwa a wani wuri da sunan duba kundi. Mahaifinta ko mijinta ya san wurin, ya san mutumin, in da hali ya je su gaisa. Ke kuma ki zama uwar da 'yarta za ta iya gaya wa magana. Ki faɗa mata tun kafin ta tafi cewa duk wanda ya nemi wani abu a madadin maki ko sa hannu, ta bar wurin ta sanar da gida da hukumar makaranta, kuma ba za a ɗora mata laifi ba. Yarinyar da ta san za a saurare ta a gida, ba a cika samun galaba a kanta ba.

In ɗalibar matar aure ce, a zauna da maigida tun da wuri a tsara masauki da kuɗin mota da wanda zai riƙe yara. Uwar miji ko abokiyar zama da ta riƙe mata goyo na 'yan watanni, tana da kaso a ladan duk wanda zai amfana da iliminta.

Abin da za mu fara da shi a gida

Ba sai mun jira gwamnati ba. A garuruwanmu, daga Kafur zuwa Masari da Gozaki da Mahuta, akwai gidajen malamai da ke da littattafan kakanni a cikin gafaka ko tsohon akwati, gara da danshin damina suna cin su a hankali. Akwai kuma makarantun Islamiyya na matan aure da aka ba su kyautar littattafai, amma suna jibge a ofishin shugaba. Reshen ƙungiya zai iya gayyatar ɗalibar laburare ta garin lokacin hutu, ta rubuta sunan kowane littafi da mawallafinsa da mai shi a cikin rajista, ta tsara yadda za a riƙa aro, uwar ɗakinta kuma ta duba aikin ko da ta waya ne. Game da tsofaffin takardu, a ɗaga su daga ƙasa, a nisanta su da bango mai danshi da hasken rana, kada a liƙa musu salatif ko a manne su cikin leda da zafi, kuma kada a miƙa wa baƙo da sunan zai kai gyara sai da shaidu da rubutu.

Haka nan a ba ta tambayoyinmu na yau da kullum ta nemo mana amsa daga masana. Misali, mata da yawa na zuba wa wake maganin ƙwari mai haɗari domin ajiya, alhali tun 2007 aka fara yaɗa buhun nan mai ninki uku da ake kira PICS, wanda ke kashe ƙwari ta hanyar hana su iska, ba tare da an sa ko ɗigon magani ba. Ranar da 'yarki ta kawo wa matan unguwa irin wannan bayani daga tushe, ranar ce za a daina tambayar amfanin karatunta.

Tambayoyin nazari a majalisi

1. Waɗanne darussa muka samu daga dangantakar Shifa'u da Hafsa, da ta A'isha da Amratu?
2. A unguwarku, wace ɗaliba ce ke gab da tafiya koyon aiki, kuma wa zai taimaka mata ta samu wurin kirki?
3. Wace sana'a ko ilimi kike da shi wanda har yanzu ba ki koya wa kowa ba?

A ƙarshe 'yar uwa, ki tambayi 'yarki ko ƙanwarki yau ɗin nan: wace babba kika sani a fanninki, kuma ita ta san ki? In ta yi shiru, to aikinku na farko ke nan, tun kafin zangon karatu na gaba ya kama.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya shirya mana zuriya, Ya haɗa 'ya'yanmu da iyayen ɗaki na gari masu tsoronSa, Ya jiƙan malamanmu da iyayenmu. Amin.